Ɗarin Arrowhead: Yadda Iska Ta Ci Yatsun 'Yan Kallo a Birnin Kansas

Daren Asabar 13 ga Janairun 2024, ƙungiyar Chiefs ta birnin Kansas da ke jihar Misuri ta karɓi baƙuncin Dolphins ta Miyami a filin wasa na Arrowhead. Ƙwallon Amurka ce, irin wadda ake runguma a ruga da ita ana bangazar juna, kuma zagayen sili-ɗaya-ƙwale ne, don haka babu mai son a ba shi labari. Filin ba shi da rufi. Da aka take wasa jim kaɗan bayan ƙarfe 7 na dare, ma'aunin zafi yana nuna digiri 20 ƙasa da sifili a lissafin Salshiyos, iska kuma tana kaɗawa, wani bugun nata har ya haura kilomita 40 a awa. Masu hasashen yanayi suka ce sanyin da fata ke ji ya kai digiri 33 ƙasa da sifili. Firizar gida, wadda ke mayar da nama kamar dutse, a kan digiri 18 ƙasa da sifili ake saita ta. Wato mutum fiye da 70,000 ne suka zauna a wurin da ya fi firiza sanyi, ga fanka a kansu.

Abin da talabijin ya nuna na ban mamaki ne: hular kwanon Patrick Mahomes, tauraron ɗan wasan Chiefs, ta ɓare a wani karo da ya yi, ƙanƙara ta daskare a gashin bakin kocin Chiefs, Andy Reid, abin sha yana ƙanƙarewa a hannun mai shi, wasu matasa kuma sun tuɓe riga suna ihu. Chiefs ta ci 26 da 7, aka rubuta wasan a matsayin na huɗu mafi sanyi a tarihin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Abin da talabijin bai nuna ba shi ne aikin 'yan kwana-kwanan birnin, waɗanda su ke riƙe da agajin gaggawa: sun duba mutum 69 a filin, suka kai 15 asibiti, 7 saboda zafin jikinsu ya faɗi, 3 saboda ƙunar sanyi, sauran 5 da wasu larurori. A watan Maris kuma asibitin Research Medical Center ya sanar da cewa ya kula da mutane da dama da sanyin kwanaki 11 na Janairu ya ƙona, an yanke wa 12 daga cikinsu gaɓoɓi, galibi yatsun hannu da na ƙafa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka je kallon wasan. A riƙe kalmar asibitin yadda take: wasu daga cikin 12 ɗin ne 'yan kallo, ba dukkansu ba, domin a biranen Amurka mutane marasa muhalli su ne sanyi ya fi yi wa ɓarna.

Ƙunar sanyi da muke faɗa ita ce daskarewar nama: ruwan da ke cikin fata da tsoka ya zama ƙanƙara alhali mutum yana raye.

Abin da iska take sacewa

Jikin mutum murhu ne mai cin abinci. Babba yana zaune shiru yana fitar da zafi kusan wat 100, daidai da tsohon ƙwan lantarkin nan mai ƙona hannu. Wannan zafin yana ɗumama wata 'yar siririyar iska da ke manne da fata, kaurinta 'yan milimitoci ne kawai. Iskar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta iya ɗaukar zafi da sauri, saboda haka wannan 'yar iskar ta zama bargo marar nauyi da kowa ke yawo da shi bai sani ba. Duk wanda ya taɓa hura kunu a ludayi ya san abin da ke biyo baya. Numfashinsa ya fi iskar ɗakin ɗumi, amma kunun yana hucewa, domin hurawar tana kore tururin da ya lulluɓe shi, sabuwar iska ta zo ta ɗebi nata rabon. Haka iska ke yi wa kunci da kunne. Ta yaye bargon, jiki ya sake ɗumama wani, ta sake yayewa, har fata ta gaza biyan bashin.

Akwai iyaka, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Iska ba ta iya kai abu ƙasa da sanyin ita kanta. Motocin da aka ajiye a harabar Arrowhead a daren, ruwan lagiretonsu ya sauka zuwa sanyin iskar wurin ya tsaya, komai ƙarfin kaɗawar. Ma'aunin zafin da aka rataye a waje ma 20 ƙasa da sifili zai ci gaba da nunawa. Ma'anar 33 ɗin ita ce fuskar da ba a rufe ba tana zubar da zafi da saurin da za ta zubar a ranar da ake digiri 33 ƙasa da sifili babu iska. Saboda haka sanyin iskar ne ke nuna ko nama zai iya daskarewa, kaɗawarta kuma ita ke nuna cikin minti nawa.

Jadawalin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada ke aiki da shi yana da wani abu da ya kamata kowa ya haddace. A digiri 20 ƙasa da sifili, iska mai gudun kilomita 10 a awa, wadda da ƙyar take motsa ganye, tana mayar da sanyin da fata ke ji 27 ƙasa da sifili. Mai kilomita 20 ta kai shi 30, mai 30 ta kai shi 33, mai 40 ta kai shi 34, mai 60 kuma 36 kacal. Ashe kusan rabin ɓarnar 'yar iskar farko ce ke yin ta, wadda mutum zai leƙa ta taga ya ce ai yau babu iska. Da zarar an yaye bargon, ƙarin gudu ba ya samun abu mai yawa da zai ɗauke. Darasin aiki a nan shi ne rage iska ba ya wadatarwa, sai an tare ta gaba ɗaya. Wanda ya koma kujerar da iska ta ragu daga 40 zuwa 20 digiri 4 kawai ya samu. Wanda ya rufe fatar da abin da iska ba ta ratsawa shi ya fita daga lissafin.

Kanada ta raba jadawalin zuwa matakan haɗari. Daga 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Daga 40 zuwa 47, minti 5 zuwa 10. Daga 48 zuwa 54, minti 2 zuwa 5. Ba don iska ba, da digiri 20 na daren yana matakin da ake kira matsakaici. Iska ce ta tsallakar da shi zuwa matakin rabin awa. Wasan kuwa kusan awa 3 yake ɗauka.

Lissafin fuska ne, ba na mai zaman kallo ba

Asalin wannan ma'auni daga Antaktika yake. A hunturun 1940 wasu Amurkawa biyu, Paul Siple da Charles Passel, suka riƙa rataye gwangwanin roba mai ruwa a waje suna auna lokacin da yake ɗauka kafin ya daskare a iska daban-daban, suka wallafa sakamakon a 1945. An yi fiye da shekara 50 ana amfani da shi, alhali yana zuzuta abin, domin gwangwani ba shi da jini, kuma ana ɗaukar gudun iskar da aka auna a tsayin mita 10 kamar ita ce ke bugun fuska. Wasan da aka buga a Sinsinati ranar 10 ga Janairun 1982 misali ne: tsohon lissafi ya ba shi kusan 51 ƙasa da sifili, sabon lissafi kuwa kusan 38.

Sabon ya fara aiki a Nuwamban 2001, bisa aikin Randall Osczevski na Kanada da Maurice Bluestein na Amurka. An gwada shi a Toronto da mutum 12, maza 6 mata 6, suna tafiya a kan injin tattaki cikin ɗakin da ake hura musu iska mai sanyi, an liƙa musu na'urorin auna zafi a fuska. An kuma rage gudun iskar zuwa kashi biyu cikin uku don ya dace da tsayin fuskar mutum.

To, a dubi wanda aka yi lissafin dominsa: babba mai lafiya, yana tafiya kusan kilomita 5 a awa, fuskarsa a bushe. Jadawalin bai san komai ba game da ƙafar da ke kan daɓen siminti, ko safar da gumi ya jiƙa, ko cikin da ke ɗauke da giya. Ɗan kallo ya saɓa wa kusan kowane sharaɗi. Abu ɗaya da ya dace shi ne rashin rana, tunda jadawalin ma bai sa ta a lissafi ba. Hasken rana mai ƙarfi yakan sassauta abin da digiri 6 zuwa 10, amma wasan na dare ne.

Shi ya sa 'yan wasa, wasunsu da damtse a buɗe, suka fi 'yan kallo masu riguna biyar samun sauƙi. Mai gudu da kokawa yana fitar da zafi ninkin-ba-ninkin na mai zama, jininsa yana kaiwa har ƙarshen yatsa. In ya fito yana da benci mai ɗumi, da injin hura zafi, da babbar riga da ake yafa masa, a hutun rabin lokaci kuma ya shige ɗaki. Ciyawar filin kanta akwai bututun ɗumama ta a ƙarƙashi. Ɗan kallo kuwa siminti ne a ƙarƙashinsa. Ga al'adar magoya bayan ƙungiyar ta taruwa a wurin ajiye motoci awanni kafin wasa ana gashin nama ana shaye-shaye, wadda ke sa wasu su shiga filin bayan sun riga sun cinye jarin ɗuminsu.

Cikin yatsa

Idan jiki ya ga yana asara, ciki yake karewa: zuciya, huhu, ƙwaƙwalwa. Sai ya matse ƙananan jijiyoyin jinin hannu, ƙafa, kunne da hanci, har jinin da ke ratsa yatsa ya koma ɗan kaɗan daga abin da aka saba. Yatsa kuma siriri ne, fatarsa tana da yawa in an kwatanta da namansa, ba shi da tsoka mai samar da zafi. Duk ɗuminsa aro ne daga jini.

Abin yana tafiya daki-daki. Zafin fatar yatsa ya sauka zuwa kusan digiri 15, hannu ya fara nauyi, ɓalle maɓalli ko jan zif ya zama aiki. Ƙasa da digiri 10, jin taɓawa ya ɗauke. Wannan shi ne mataki mafi yaudara, domin raɗaɗin da ke damun mutum tun ɗazu sai ya lafa, ya ɗauka ya saba ne. Jiki yana da wata dabara ta buɗe jijiyoyin na ɗan lokaci duk bayan minti 5 zuwa 10 don ɗumi ya leƙa yatsun, amma in cikin jikin kansa ya yi sanyi, sai ya janye wannan alfarma. Wannan ce alaƙar da ke tsakanin mutum 7 da zafin jikinsu ya faɗi da mutum 3 da suka ƙone: wanda ƙirjinsa bai ɗumu ba, safar hannu mai tsada ba za ta cece shi ba.

Da fatar ta kai wajen digiri 5 ƙasa da sifili, ƙanƙara ta fara tsirowa a tsakanin ƙwayoyin halitta. Tana janye ruwan cikinsu, su motse, gishirin cikinsu ya yi yawa, bangon ƙananan jijiyoyi ya raunana. Rabin ɓarnar ke nan. Ɗaya rabin sai an narke yake zuwa: jini ya dawo cikin jijiyoyin da suka lalace, ruwa ya tsiyaya, wurin ya kumbura, gudajin jini su toshe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya cikin awanni da kwanaki. Naman da ya tsira daga ƙanƙara sai yunwar jini ta kashe shi.

Ƙofofin da ɗari ke shigowa

A irin wannan taro ba kasafai rashin kaya ke jawo rauni ba. Ƙananan kafofi ne. Ta farko waya: tikiti a cikinta yake, hoto da ita ake ɗauka, kowane cire safar hannu kuma minti biyu ne ko uku na fata tsirara a iska, hannun da ya koma cikin safa bai gama farfaɗowa ba a sake fito da shi. Ta biyu ƙarfe da gwangwani. Ƙarfe mai irin wannan sanyi yana iya daskarar da fatar da ta taɓa shi cikin daƙiƙu kaɗan.

Ta uku, wadda ta fi cin yatsun ƙafa, ita ce jiƙa haɗe da matsi. Ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki 25 fiye da iska. Mutum ya taka daga mota zuwa kujerarsa cikin kaya masu nauyi ya yi gumi, safar auduga ta sha ta riƙe, sannan ya zauna. Wani kuma ya cusa safa biyu ko uku cikin takalmin da ya yi masa daidai da guda ɗaya, ya matse ɗan jinin da ya rage, ya kuma kore iskar da ke tsakanin zaruruwa, wadda ita ce ainihin abin da ke riƙe ɗumi. Takalmin sanyi ana sayensa da ƙarin lamba ɗaya, yadda yatsu za su iya motsi a ciki da safar ulu mai kauri guda. Masu filin sun san da matsalar siminti, shi ya sa suka yarda a shigo da barguna da gutsuren kwali na takawa. Kwali abin rainawa ne a ido, amma iskar da ke cikin ramukansa tana raba tafin takalmi da daɓe.

Giya tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikinsa ne ke fita, tana rage rawar ɗari, uwa-uba tana kashe hankalin da zai ce masa tashi ka shiga ciki. Taba kuma matse jijiyoyin yatsa take yi.

Suturar da ke aiki hawa uku ce. Na jikin fata ulu ko yadin roba mai fitar da gumi, ban da auduga. Na tsakiya mai laushi da kauri, mai tara iska. Na waje wanda iska ba ta ratsawa, da hula mai rufe kunne da abin rufe hanci da kunci. Rigar saƙa komai kaurinta, in babu na waje, iska ratsa ta take yi kamar rariya. Safar hannu mai aljihu ɗaya, wadda yatsu huɗu ke zama tare, ta fi mai rabe-raben yatsu, a sa siririya a ciki don in an cire ta waje kada fata ta fito. 'Yan ƙunshin ɗumama hannu masu garin ƙarfe suna taimakawa, sai dai da iska suke aiki, shi ya sa sukan mutu a cikin takalmin da ya toshe. Kuma tunda mutum ba ya ganin hancinsa, ba ya kuma jin sa in ya daskare, dole abokin zama ya riƙa duba fuskar ɗan'uwansa duk minti 20 zuwa 30.

Daga mutum 3 zuwa wuƙar likita

Me ya sa mutum 3 kawai aka ɗauka a daren saboda ƙuna, sai bayan kusan wata biyu aka ji labarin yanka? Domin a daren farko ƙuna mai zurfi da marar zurfi kusan kamarsu ɗaya. Mutum ya koma gida, yatsu su narke a mota, su yi zugi, ya sha maganin ciwo ya kwanta. Bororo yakan fito cikin awa 6 zuwa 24. Mai farin ruwa da ya kai har ƙarshen yatsa alama ce mai daɗi-daɗi. Mai jini a ciki, wanda ya tsaya can baya ya bar kan yatsa a sanyaye, yana nuna abin ya yi zurfi. Bayan mako biyu ko makamancin haka wurin ya yi baƙi ya bushe, iyakar mataccen nama da rayayye kuma tana ɗaukar wata 1 zuwa 3 kafin ta fito sosai. Likitocin fiɗa suna da tsohuwar magana cewa abin da ya daskare a Janairu sai Yuli ake yanke shi. Jiran na alheri ne, don sau da yawa ƙarƙashin baƙar fatar akwai nama mai rai. Amma damar ceton yatsa ba ta jira: a kwana na farko zuwa na uku take.

Ga abin da ya kamata a yi. In fata ta dushe ta daina ji amma tana da laushi in an danna, a shiga inda babu iska, a cire zobe da jiƙaƙƙen kaya, a sa hannun a hammata minti 10. In ji bai dawo ba, ko wurin ya yi tauri kamar kyandir, kallo ya ƙare. Wanda ke rawar ɗari ba ƙaƙƙautawa, ko maganarsa ta fara harɗewa, ko yana tangaɗi, a fara da ɗumama gangar jikinsa, domin zafin ciki in ya sauka ƙasa da digiri 35 rai ake magana, ba yatsa ba. In rawar ta tsaya alhali yana cikin sanyin, abin ya ƙara muni ne.

Narkarwa da ruwa ake yi, mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wato wanda lafiyayyen hannu zai zauna a ciki ba tare da jin zafi ba. A riƙa ƙara mai ɗumi don kada ya huce, kada yatsun su jingina da jikin robar da ruwan ke ciki, har sai naman ya yi laushi, yawanci kusan minti 30. Akwai azaba sosai, a asibiti da allura mai ƙarfi ake yi. Bayan nan a bari ya sha iska ya bushe, a sa bandeji mai laushi tsakanin yatsu, a ɗaga gaɓar sama, kada a taka ƙafar da ta narke. Ana ba da ibuprofen, miligiram 12 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, a raba biyu, wato kusan 400 safe da yamma ga matsakaicin babba, don rage sinadaran kumburin da ke toshe jijiyoyi. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu sai da izinin likita.

Abu uku ne ke mayar da ƙaramin rauni babba. Murzawa, wadda ke yayyaga naman da ƙanƙara ke ciki. Wuta, hita ko bututun zafin mota, domin fatar da ba ta ji ba za ta ce ta ƙone ba. Dominique Larrey, babban likitan rundunar Napoleon, ya ga yadda gaɓoɓin sojoji suka riƙa ruɓewa bayan sun kanga su a wuta lokacin janyewa daga Mosko a 1812, sai dai maganin da ya bayar, goga dusar ƙanƙara, shi ma kuskure ne da ya daɗe a duniya, har likita William Mills na Alaska ya tabbatar da hanyar ruwan ɗumi wajen 1960. Na uku, mafi muni, a narke a sake daskarewa. Tsarin filin wasa yana gayyatar wannan kuskure: an tanadi wuraren ɗumama jiki, mutum ya je a hutun rabin lokaci ya narkar da yatsu, ya koma kujerarsa don kada wasa ya wuce shi. Ga wanda bai ƙone ba, wannan hutun kariya ce. Ga wanda namansa ya riga ya daskare, komawar ita ce ke tabbatar da yanka. In babu tabbacin za a zauna cikin ɗumi, gara a bar gaɓar a daskare har a isa asibiti.

A asibiti ana duba inda launin ɓarna ya tsaya bayan narkewa. In gaɓar ƙarshe ta yatsa kawai ya kama, da sauƙi. In ya haura gaɓa ta tsakiya ko ya kai tafi, ana gaggawar ɗaukar hoton jijiyoyi ko na ƙashi, a ba da maganin narkar da gudan jini, wanda amfaninsa cikin awa 24 na farko yake. Wani bincike a jihar Yuta a 2007 ya nuna an yanke kashi 10 cikin 100 na yatsun waɗanda suka samu maganin a kan lokaci, da kashi 41 na waɗanda ba su samu ba. Akwai kuma iloprost, mai buɗe jijiyoyi, da ake ƙarawa ta jijiya awa 6 a rana har zuwa kwana 8, ana so a fara cikin awa 72. A gwajin da aka yi a Faransa kan mutum 47, aka wallafa a 2011, babu ko ɗaya da aka yanke cikin 16 da suka samu iloprost ba tare da maganin gudan jini ba, alhali an yanke 9 cikin 15 da ba su samu iloprost ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙunar sanyi a tsakiyar Fabrairun 2024, wata ɗaya bayan wasan. Wanda ya tsira da yatsunsa ma yakan yi shekaru yana fama da zugi, yawan gumi da rashin jure sanyi a wurin.

Ya kamata a buga wasan?

A ƙarshen makon nan ɗin aka ɗage wani wasan gasar da za a buga a birnin Bafalo daga Lahadi zuwa Litinin saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi. Na Kansas ba a taɓa shi ba. Dusa ana ganinta, tana tsayar da mota. Iska mai ɗari ba ta tsayar da komai sai jinin yatsa. A ganinmu duk taron da zai zaunar da dubban mutane awa 3 a matakin da fata ke daskarewa cikin rabin awa ya kamata ya kasance yana da iyaka a rubuce tun kafin ranar, ko a dawo da shi tsakar rana, ko a ɗage, a kuma taƙaita sayar da giya. Barin hukunci ga wanda ya riga ya biya kuɗin tikiti, ya sha, yatsunsa kuma sun daina ba shi rahoto, ba adalci ba ne.

Wannan magana ta shafi namu da ke tafiya karatu ko aiki Kanada, Rasha, arewacin Amurka da Turai. Bayanan asibiti na sojojin Amurka daga 1980 zuwa 1999 sun nuna baƙaƙen fata maza sun kwanta saboda raunin sanyi kusan ninki 4 na fararen fata. Sannan alamun da ke cikin takardun faɗakarwa, cewa fata za ta yi ja sannan ta yi fari, an rubuta su ne da farar fata a zuci. A baƙar fata wurin dushewa yake yi, ya yi toka-toka ko ya ƙara duhu, da dare ma ba a gani. A dogara da taɓawa: tauri, da rashin ji. Mai ciwon suga ya ƙara kula, domin ƙafarsa tun asali ba ta ji sosai.

A gida kuwa, muku-mukun hunturu na Kano, Jos ko Damagaram ba ya daskarar da nama muddin iskar tana sama da sifili, komai kaɗawarta. Satar zafin dai tana nan. Ɗan acaɓa da ya fito da asuba a digiri 10 yana gudun kilomita 60 a awa, fuskarsa da ƙirjinsa suna jin kamar digiri 4 ko 5. Masu sikila sun san abin da irin wannan iska ke tayar musu. Jaririn da aka ɗauko a babur shi ya fi kowa saurin hucewa, domin fatarsa tana da yawa a kan ɗan nauyinsa, kansa babba ne, kuma ba ya rawar ɗari irin ta manya. A sa masa hula da safa, a manna shi da jikin uwa ta yadda direba zai tare masa iska, a yafa zane mai kauri ta waje ba tare da toshe masa hanci ba, in an sauka kuma a taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa: in duka biyun sun yi sanyi, a kwantar da shi fata-da-fata a ƙirjin uwa, a lulluɓe su tare, a ba shi nono, in bai ɗumu ba ko ya ƙi kama nonon a nufi asibiti.